Goshin Mai Tari

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, da 'Yar Tsanata da na bar miki. Ki gaishe min da babanta in ya leƙo.

Na san tambayarki, yaushe zan taho. Wallahi ni ma ita nake yi wa kaina. Kin san aikin da Kawu ya riƙe ni in yi masa a masana'antar robarsa lokacin da aka yi wa baban 'Yar Tsana canjin wurin aiki: kowane inji na yi masa ɗan tagwaye a kwamfuta. Na maƙala wa na gasken na'urorin awo masu jin zafinsa da rawar jikinsa, na allo kuma yana kwaikwayonsa. Kafin na gaske ya kwanta, na allo ya fara ciwo, sai mu yi gyara. Da manhajojin da ba su da makulli na gina shi, irin waɗanda kowa zai ɗauka ya duba cikinsu, don duk injiniyan da ya zo bayana ya ɗora.

Sai dai Kawu ya ce ma'aikatansa ba za su yarda da lambobi ba, a sa sunayen da suka saba. Tsohon injin bokiti Mai Tari, na kujeru Amarya, ma'aunin zafi Goshin Mai Tari, famfon da Baba yake murɗawa kafin ya rasu Hannun Marigayi. Satin jiya aka kawo wanda zai gaje ni. Ya zauna, allo ya ce masa Goshin Mai Tari ya ɗau zafi, a sassauta Hannun Marigayi. Ya dube ni, ya dubi allo, ya ce bari ya je ya yi salla. Har yau bai idar ba.

Ina wannan ɗakin mai taga ɗaya, ƙaurin roba har cikin mayafina. Na gaji, Yaya. Na saya wa 'Yar Tsana jan takalmi, da hannuna nake so in sa mata.

Ƙanwarki.

*

Injiniya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, 'yarki ma garau, ci kamar gara.

Ni ban san tagwaye ba sai waɗanda na haifa, amma na gane abu ɗaya: kin gina ɗaki babu ƙofa kina ciki. Ba ke kika taɓa ce min injiniyoyi suna da ƙa'idar sa sunaye da kowa ke ganewa ba? To ki fassara abin zuwa yarensu mana, ki fito.

Kuma ki ji. Jiya 'yarki ta faɗi a tsakar gida, ta taso da kuka tana kirana Mama. Na ce mata ni Anti ce, Mama tana wajen aiki. Ta ce wace Mamar. Ban gaya wa babanta ba, shi ma ya daina tambayata ranar zuwanki, kuma wannan shirun bai yi min ba. Kawu ya riƙe mu bayan Baba, Allah ya saka masa, amma ba sayen ki ya yi ba.

Ki kula da kanki.
Yayarki.

*

Yaya,

Salama da gaisuwa. Wasiƙarki ta hana ni cin abinci, amma ta yi aiki.

Na zauna na bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, na ba kowace sunanta na ƙa'ida. Tsofaffin sunayen na bar su a gefe don ma'aikata, sai ya zama allo yana magana da baki biyu. Da na zo kan Hannun Marigayi na sa masa lambarsa na share hawaye.

Na samo wata injiniya, 'yar gajera mai shiru. Ta karanta komai ba tare da ta tambaye ni ba. Ranar da Amarya ta fara rawar jiki ita ta gano, ni ina zaune da hannuna a cinya. Rabona da irin wannan daɗin na manta.

Kawu ya zo ya tsaya a bayanmu yana kallo. Ya ce, «To yanzu ko wa ya shigo sai ya karanta sirrin gidana ke nan?» Na ce masa ba sirri ba ne, zafin inji ne. Ya juya ya fita.

Na ɗaure akwati. Takalmin ina jin ya yi mata kaɗan yanzu, na mayar na karɓo na gaba da shi. Ki ce mata Mama tana hanya.

Ƙanwarki.

*

Zuwa ga 'yata babba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da iyalinki baki ɗaya.

Labari ya iso ni cewa kina ganin na tsare ƙanwarki. Allah shi ne shaida, ban ɗaure kowa ba. Tun da mahaifinku ya rasu ban ƙara samun wanda nake shiga masana'antar nan in gan shi hankalina ya kwanta ba sai ita. In tana zaune a gaban allon nan, sai in ga kamar ɗan'uwana bai tafi ba. Ita baƙuwar yarinyar ba ni da abin cewa a kanta, amma ba jinina ba ce.

Ina kuma sanar da ke na sayo sabon inji, don Mai Tari ya tsufa. Masu ƙera shi sun ce da tasu manhajar yake zuwa, a kulle, ba ya magana da na kowa. Baƙuwar ta ce haɗa shi da sauran ya fi ƙarfinta. Ƙanwarki ta ce zai yiwu, sai dai zai ɗauki lokaci. Ban tilasta mata ba, tambayarta kawai na yi ko za ta bar ni da shi haka. Da zarar ta gama, ni da kaina zan sa ta a mota.

Allah ya yi muku albarka.
Kawunku.

*

Yaya,

Salama. Sabon injin ya iso, ma'aikata har sun raɗa masa suna, Kurma. Kawu ya zauna a kan kujerar Baba ya tambaye ni, na buɗe baki in ce a'a, sai na ji na ce to.

Ga takalmin nan na ba direba ya kawo miki. Ki sa mata kafin shi ma ya yi kaɗan. In ta kira ki Mama, ki amsa.

Ƙanwarki.