Ki Shigo da Sandarki, Nuriyya

Zuwa ga Nuriyya, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan fari da ya sauka a busasshiyar ƙasar zuciyata har ta yi tsiro,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya jikin, ya ƙarfin ƙafar? Ya Inna da Baffa da sauran mutanen gida a Turawa? Mu nan Rogo lafiya lau, sai kewarki da ta hana ni sakat.

Jiya yayarki Barira ta same ni a rumfata a kasuwa. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta sauke saƙonki. Wai kin ce a ɗaga biki har sai kin ajiye sanda. Wai kin naɗe rigar da kika fara ɗinka wa kanki kin cusa ƙasan akwati, kin ce ba za ki shiga taron mata kina ɗingishi ana binki da idon tausayi ba. Na raka ta ta hau babur, na dawo na zauna a kan buhun masara, awo ya gagare ni. Wani ya zo sayen gyaɗa na auna masa dawa.

Haba hasken raina! Ke ce yau kike tsoron shigowar amarya? Ke da rabin amaren Karaye da ɗinkinki suka fito?

Kin tuna ranar kamun ƙanwata Na'ima a gidanmu? Ke kika ɗinka mata riga, leshi ruwan zuma. Lokacin fitowa ya yi, tsakar gida ta cika maƙil, turaren wuta ya turnuƙe, sai Na'ima ta toge a bakin ƙofa tana kuka, ƙafafunta sun ƙi ɗaguwa. Aka aika a kira ni in lallashe ta. Da na zo sai na tarar da wata baƙuwar yarinya durƙushe a gabanta, allura a baki, tana kama bakin rigar da ya ɗan yi tsawo. Kika miƙe, kika ɗauke mata hawaye da gefen gyalenki don kada kwalli ya ɓaci, kika gyara mata mayafi, kika yi mata raɗa. Sai ga Na'ima ta taka. Guɗa ta tashi, tsofaffi na share ido, kowa na kallon amarya kamar an ga sabon wata. Ni kuwa ban ga amarya ba. Wadda ke bayanta riƙe da bakin riga na gani, kuma tun daga ranar idona bai dawo hannuna ba.

Daga baya na matsa wa Na'ima ta faɗa mini abin da kika raɗa mata. Ta ce cewa kika yi kada ta kalli taro, ta nemi fuska ɗaya mai ƙaunarta ta nufe ta. To, Nuriyya, ga tawa fuskar. Ba ta da kyan da za a yi mata waƙa, rana ta ƙona ta, ƙurar hatsi ta saba da ita, amma wallahi babu inda take fuskanta sai wajenki.

Na san abin da ya same ki ba ƙarami ba ne. Ranar da babur ya zame da ku a hanyar Karaye cikin damina, kina rungume da kayan wata amarya, waɗanda suka ɗauke ki sun ce cikin wannan azabar ma cewa kike a kai wa mai kaya kayanta kada su jiƙe. Na ga watannin da kika yi a kwance. Ina zaune wajen Baffa ranar da kika fara miƙewa, gumi na tsattsafo miki, leɓe a cije, kika taka daga bakin ɗaki zuwa gindin darbejiya. Wace amarya ce ta taɓa yin tafiyar da ta kai wannan daraja? Wane taku ne a duniya zai fi shi kyau a idona? Sandar da kike jin kunyarta ita ta riƙe mini ke sa'ad da ba ni da ikon riƙe ki. Ni ba na ƙinta.

Ba zan yaudare ki ba, za a samu masu ƙus-ƙus. Har wata gwaggona ta fara, Hajiyarmu ta ce mata mu mutum muka je nema, kuma mun samu. Ta ƙara da cewa ranar ita da kanta za ta fara rangaɗa guɗa, duk da rabonta da guɗa tun tana da sauran haƙora. Sannan ke ma kin ji likita, bai yi alkawarin ɗingishin zai tafi duka ba. In ya zauna fa? Mu tsufa kenan, ke a Turawa ni a Rogo, muna jiran abin da ba a hannunmu yake ba?

Ni na zaɓo yadin rigar nan taki a kasuwar Kwari lokacin haɗa lefe, kore shar kamar shinkafa a fadama bayan an ɗauke ruwa. Ban ga rigar ba, amma Barira ta ce kin jera mata ƙananan duwatsu a wuya kamar raɓa a kan ganye, ta kuma ce kin ƙara mata tsawo don ta rufe ƙafar. Ina roƙonki, ki rage. Kada abin da kika yi don ɓoyo ya harɗe ki. In na lumshe ido ina ganinki a cikinta: lalle ya kama jawur, ƙamshin humra na riga ki isowa, ƙawayenki a baya, Inna na kuka tana dariya, ke kuma kina tahowa a hankali, a hankali, kowa ya samu damar ƙare miki kallo. Ya Allah, ka nuna mini wannan rana!

Ɗakinki a shirye yake. Na sa an fasa dokin ƙofar an daidaita shi da ƙasa, na kuma bar miki gefen taga inda haske ya fi shigowa saboda ɗinki.

Ba zan tilasta miki ba, masoyiyata. In kin ce in jira, zan jira, kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo, ba zan dubi ƙofar kowa ba. Amma zuciyata na gaya mini Nuriyyar da na sani ba ta barin ɗinki a rabi. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan zo gaida Baffa. Ba sai kin ce mini komai ba. In na ji ƙarar keken ɗinkinki tun daga zaure, na sami amsata.

Naki a yau, naki a gobe, naki har ranar da ni ma zan nemi sanda,

Zaharaddini