Kitson Doka Ya Kai Ni Gola

Gwaggo Asabe, don Allah ki cece ni, baƙin ciki zai kashe ni. Ina aji huɗu a makarantar 'yan mata a nan Katsina, shekara biyu ina buga hoki a gaba. Yanzu da gwamnati ta yi kuɗi har an kawo mana sababbin sanduna, za a kai mu gasa Kaduna, sai Malama Ladi mai kula da wasanni ta dawo daga kwas da wani littafi. Wai jikin mutum ne ke nuna inda zai tsaya a fili. Ta aro tef ɗin tela, ta jera mu kamar awaki a kasuwa, ta auna tsawo da cinya da damtse, ta sa muka zagaya fili sau huɗu.

Ni kuwa na ji labarin awon tun Laraba, sai na yi kitson doka, na cusa tsumma a ciki don ya ƙara tudu, na ɗaura ɗankwali, don a san ni ba sa'arsu ba ce. Na fi kowa tsawo da inci biyu. Sakamakon? Wai doguwa gola take tsayawa! Aka ba Hajo wurina. Hajo fa, Gwaggo, wadda turmi ya fi ta tsawo, 'yar ƙauye da ta zo bara da kayanta a buhu. Zagayen fili dai na zo ta ƙarshe, amma rana ce ta yi zafi. Juma'a za a rufe sunaye. Gara in fasa Kaduna da in sa takunkuman kare ƙafa na gola ana harbi na da ƙwallo.

Doguwa, Ƙofar Sauri

*

'Yata Doguwa, na ji kukanki, na kuma yi dariya. Gaskiyarki a wuri ɗaya: tef ba ya auna zuciya, kuma shekara biyu a gaba ba wasa ba ne. Da ma Malama ta duba wannan kafin ta buɗe littafinta.

Amma ranar da ta dafa ki, Hajo a inuwa ta yi gudu? Gajere ba yaro ba ne. Yarinyar da ta tashi tana ɗauko ruwa daga rafi ba za ta yi haki a zagaye huɗu ba, ke da kike raina ta kin yi. Mai buga gaba numfashi take buƙata da sauri, kitso bai taɓa cin ƙwallo ba.

Kafin Juma'a ki tsefe kanki, ki je ki faɗa wa Malama gaskiya, ki roƙi a sake awo da gudu. In kin riga Hajo, wurin naki ne. In ba ki iya ba, ki sa takunkuman ki tafi Kaduna, gola ma 'yar wasa ce. Tsumman kuwa kada ki yar, ki riƙa share zufa da shi wajen atisaye.

Allah ya ba da sa'a.

Gwaggo Asabe