Tun da na ci zaɓe, Baffa ya daina ce min Uwata

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara kafin ranar Asabar, kaina ya kulle, ban ma san ta inda zan fara ba.

Ni manomiyar rani ce, shekarata arba'in da ɗaya, 'ya'yana biyar. A ƙauyenmu muna da ƙungiyar masu noman rani, mu sittin da 'yan kai. Daga madatsa ɗaya muke ban ruwa, kowa da ranarsa. Shekara goma sha tara Baffana, ƙanin mahaifina, shi ne shugaba. Shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida da mahaifina ya rasu, shi ya koya min riƙon fartanya. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce min, ko da faɗa yake min.

Bara mata suka taso ni gaba wai sai na tsaya takara, saboda gonakinsu ne a ƙarshen layi, kafin ruwa ya iso musu ya zama ɗigo. Na ƙi, na ƙi, har dai na yarda. Aka ɗaga hannu, na fi Baffa da hannu bakwai. Ya miƙo min makullin ƙofar ruwa bai ko dube ni ba. Tun daga ranar Shugaba yake ce min, ko gaisuwa na shiga yi ɗakinsa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

To, Talatar da ta wuce ranar wata baiwar Allah ce, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu. Da hantsi, a gaban kowa, Baffa ya fito da wani makulli da ashe bai bayar ba, ya karkatar da ruwan zuwa tumatirinsa. Albasarta ta kwanta. Ta zo gidana, ba kuka ba faɗa, ta dai tuna min cewa hannunta na cikin bakwai ɗin nan.

Dokarmu ta ce wanda ya ci ranar wani zai rasa ranarsa sau biyu. Baffa ne ma ya kafa ta. Tumatirinsa yana fure, in ya rasa ruwa sau biyu, noman bana ya tafi, kuma da shi yake ci da iyali. Ranar Asabar ne taro. Maza sun zuba ido: in na kawar da kai su ce dama mace ba za ta iya ba, in na hukunta shi su ce na ci amanar wanda ya rene ni. Maigidana ya ce in ajiye musu kayansu in huta. Ni kuma in na tuna fuskar matar nan abinci ba ya shiga bakina. Ina son Baffa, Anti, kuma ina jin haushinsa. Yaya zan yi?

Mai riƙe da makulli

Ƙanwata, kada ki ajiye. In kin sauka ranar Asabar, albasar matar nan ba za ta miƙe ba, kuma sai an daɗe kafin wata mace ta sake samun hannu bakwai a ƙauyenku.

Baffa ya yi laifi, ba wani ɓoye-ɓoye. Amma ki duba ta gefensa. Mutumin da aka yi shekara goma sha tara ana jiran bakinsa, rana ɗaya 'yar da ya goya ta kayar da shi, dole abin ya ci masa rai. Wanda ƙishirwar tumatir kaɗai ta dama ba ya buɗe ruwa da hantsi a gaban jama'a. Gwada ki yake.

Ki je ɗakinsa kafin taron, ke kaɗai, ki gaishe shi yadda kika saba. Ki faɗa masa da bakinki cewa doka za ta yi aiki, kada ya fara jin maganar a bainar jama'a. Ki roƙi makullin nan, a hankali. A wurin taro, magatakardan ƙungiya ya karanta dokar yadda Baffa ya kafa ta, kada ki ƙara ko wasali, kada ki rage. Ranakunsa biyu a ba matar nan, ita ce aka zalunta.

Sannan ki tambayi taro a fili ko an yarda mutum ya ba da ranarsa kyauta. In sun yarda, ki ba Baffa ranarki ɗaya. Gonarki za ta ji jiki, ba zan yi miki ƙarya ba, ki shawarci maigida tukuna. Wataƙila ma Baffa ya ƙi karɓa. Ke dai ki miƙa.

Batun suna kuwa, ki riƙa amsa Shugaba da sakin fuska, ko da gatse ya faɗa, ai ya faɗa. Ban yi miki alkawarin zai sake ce miki Uwata bana ba. Amma shi da ya kira ki uwa shekara talatin da biyar ya fi kowa sanin aikin uwa: ta tsawatar, sannan ta zuba abinci.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya ranar Asabar, Ya sanyaya ran Baffa, Ya raya albasar marayun nan.