Muryar Inna a Kwamfutar Sani

Wudil, Litinin. Aikin farko: kai kwamfutar marigayi Sani wurin mai gyara.

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya yara, ya maigidan da aikin mai? Ya ƙarin haƙurinmu?

Kin san ɗan'uwanmu Sani ya ɗauki muryar Inna kafin ta rasu, tana lissafa kakanninmu na Utai, ya ba ni kwafi. Tsarin kwamfutata mai sauƙi ne, ko yara buɗewa suke, har wani filas na ajiyar fayil ya shigo da bairos ya cinye komai, har da kwafin. Shi kuwa tsarin Linux mai wuyar sha'ani ya saka wa tasa, na sha yi masa tsiya cewa wahalar da kansa yake. Mai gyara ya ce komai na ciki lafiya ƙalau, amma a kulle, sai da kalmar sirrinsa.

Yaya, ya taɓa faɗa mini ita. Na duba shafin ranar a littafin da nake rubuta al'amuran kullum, abin da na rubuta kawai shi ne, "Sani ya zo, an yi ruwa." Shekara ashirin ina rubutu, ashe ban san abin rubutawa ba.

Ko ke ya faɗa miki? Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Garba

Gobe:
1. Tambayar matarsa.
2. Komawa wurin mai gyara.
3. Laluben aljihunan rigunansa kafin a rabar.