Saƙon Juma'a Daga Mas'ud

Kurfi, 6 ga Satumba, 2025

Yaya Atiku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Mas'ud, ya haskaka makwancinsa.

Jiya da hantsi, kwana goma cif da rasuwar ƙanenka, ina zaune a ɗakin da nake takaba sai imel ya shigo wayata da sunan mijina a kai. Kan saƙon ya ce: "Rabi'atu, na tuna da ke yau." A ciki ya ce ya bi ta bakin dam ɗin Zobe da safe, ya tarar masunta suna fitar da karfasa, ya ce a ransa wannan sai Rabi'atu. Can ƙasa har da farashin bandar kifi, irin tsokanar da ya saba yi mani.

Ban firgita ba. Ya taɓa gaya mani cewa a aikinku na talla ana iya rubuta saƙo yau a sa mashi ranar fita, ko da shekara mai zuwa ce. Na gane a watanni biyun da ya yi yana jinya ya zauna ya rubuta mani wannan. Tunda kamfanin naku ne ku biyu, kai kaɗai za ka sani: ya bar mani wasu?

Ka gaida mutanen ofis. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Rabi'atu

Dutsin-Ma, 8 ga Satumba, 2025

Rabi'atu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, haƙuri kuma ya zama dole.

Eh, Mas'ud ne ya rubuta shi da hannunsa, kuma akwai saura. Kowace Juma'a da ƙarfe goma za ki ga ɗaya. Idan ya faɗa kwandon sharar imel, ki ciro shi ki nuna wa wayar ba shara ba ce. Hakan yana taimaka mana.

Ki gaida su Inna.

Atiku Sirajuddeen
Shugaba, Kamfanin Tallan Karaduwa

Kurfi, 27 ga Satumba, 2025

Yaya Atiku,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan an wuni lafiya.

Jiya Malama Yahanasu, wadda muke koyarwa tare a sakandare, ta zo duba ni. Muna cikin hira wayoyinmu suka yi ƙara a tare. Ta duba tata ta kife ta a cinya. Na ce, "Malama, wane ne?" Ta ce, "Masu kifi ne, ƙyale su." Na miƙa hannu na karɓa. Saƙon Mas'ud ne, kalma da kalma irin nawa, sai dai inda aka sa Rabi'atu an sa Yahanasu. Na koma baya na ga na ranar farko. Ita ma ya tuna da ita. Ita ma karfasar sai ita.

Ta ce tun bayan rasuwar take samu, kunya ta hana ta faɗa mani.

Ka san abin da na ɗauka, ka karanta a wasiƙata, ka bar ni a kai mako uku. Wannan tsakanina da kai ne, na bar wa Allah. Abin da nake roƙo biyu ne. Ka daina aika talla da sunan mamaci. Sannan ka aika saƙo ɗaya ga duk waɗanda ke jerinku ka sanar da su ya rasu. Mutanen nan shekara huɗu suna karanta shi kowace Juma'a. Da sun sani da sun yi mashi addu'a, ga shi kana hana shi.

Kuma yaya aka yi sunana ya shiga jerin? Mas'ud bai taɓa sa kowa ba sai wanda ya nema da kansa. Ya ce ita ce dokar farko a sana'ar.

Allah ya sa mu dace.

Rabi'atu

Dutsin-Ma, 30 ga Satumba, 2025

Rabi'atu,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, zan amsa dalla-dalla tunda ke malama ce.

Ban yi maki ƙarya ba. Kin tambaya ko shi ya rubuta, na ce eh. Kafin ciwon ya kwantar da shi ya rubuta saƙo hamsin da biyu, na shekara guda, ya bar gurbin suna a kowanne. Ya raba jerin gida biyu, maza da mata, don kada a ce wa namiji "ke". Mata dubu ɗaya da ɗari shida da goma sha ɗaya ne suka karɓi wancan saƙon. Ke ce ta ɗari tara da wani abu.

Yadda kika shiga kuwa, bayan rasuwar na kwashe adireshin da ke cikin imel ɗinsa na zuba a jerin, mutum ɗari bakwai. Na san dokarsa. Sittin da ɗaya sun fita, biyu sun zage ni, sauran suna nan, wasu har sun yi odar kifi. Malamar taki ta sayi kilo biyu.

Batun cire sunansa, ai na gwada. A sana'ar nan ba a aiki da zato. Na ware mutum ɗari huɗu, rabi na aika masu da sunan Mas'ud, rabi da nawa, saƙo iri ɗaya. Nasa mutum tamanin da shida suka buɗe. Nawa goma sha tara. Masu banda na Zobe da matan Wurma masu man gyaɗa ba don ni suka ba mu tallarsu ba, don ana buɗe saƙonmu ne a Abuja da Kaduna. Kina so in je in ce masu mun daina saboda kina jin nauyi?

Addu'a kuma, an yi ta uku, an yi ta bakwai, ta arba'in na nan ranar Lahadi. Ba ta imel ake kai lada kabari ba.

Abu na ƙarshe. Manhajar da muke aiki da ita tana nuna mana wanda ya buɗe saƙo da sau nawa ya buɗe. Na ranar 5 ga wata kin buɗe shi sau talatin da huɗu. Na makon jiya, wanda kika gani a wayar Yahanasu, kin buɗe naki sau tara bayan ta tafi. A duk jerin babu mai karanta mu kamarki. Idan da gaske ba kya so, akwai shuɗin rubutu a ƙasan kowane saƙo, ki danna ki fita. Ba ki danna ba.

Ki gaida gida.

Atiku

Kurfi, 6 ga Oktoba, 2025

Yaya Atiku,

Assalamu alaikum. Mun gode da buhun shinkafar sadakar arba'in. Na ga ka manna mashi takardar kamfani mai lambar waya, mutane sun yaba.

Ashe har ɗakin takabata kana leƙe, kana ƙirga. Madalla.

Na yi tunani a kan goma sha tara ɗin nan naka. Ban yi mamaki ba. Na shekara tara a gidanku, na ga yadda ake. Idan Mas'ud ya yi sallama, Baba yakan ajiye littafin da yake karantar da manya ya juyo. Idan kai ne, sai ya ɗaga maka hannu ya ci gaba. Kai ka girme shi da shekara shida, kai ka sayi kwamfutar farko, kai ne Shugaba a kan takarda, amma har yau sai ka ari sunan ƙanenka daga kabari kafin a saurare ka. Saƙonninsa za su ƙare a watan Agusta. Daga nan wa za ka tono?

Na kai maganar gaban Malam Jibril, ƙanen mahaifinku. Ya ce shi bai san imel ba, amma in na ce akwai cutarwa a cire ni. Ni ba kaina nake roƙa wa ba. Duk da haka, cire ni. Ba na son in ƙara ganin komai daga hannunka.

Wassalam.

Rabi'atu

Dutsin-Ma, 7 ga Oktoba, 2025

Rabi'atu,

Wa alaikumus salam. Baffa Jibril ya kira ni, na bi umarninsa. An cire ki yau da ƙarfe tara da minti goma sha biyu. Sauran mutum dubu huɗu da ɗari tara za su ci gaba da samu.

Abin da kika ce game da Baba gaskiya ne.

Atiku

Kurfi, 1 ga Nuwamba, 2025

Yaya Atiku,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da iyali. Ya aiki, ya kaka?

Na yi maka magana mai zafi a wasiƙata ta baya. Ka yafe mani.

Juma'a huɗu ke nan. Ƙarfe goma takan same ni da waya a hannu ban san na ɗauka ba.

Jiya Yahanasu ta zo ta ce, "Kin san kina cikin na yau?" Ta miƙo mani. Yana ba mutane labarin yadda yake tsoron ƙayar kifi tun yana yaro, da yadda matarsa ke zama ta tsince mashi ita ɗaya bayan ɗaya a bakin faranti, tana yi mashi dariya, ta ce ƙato da kai. Yaya, ban san ya lura ba. Bai taɓa cewa komai ba, ci kawai yake yi. Na karanta har ƙarshe, amma a samansa an rubuta "Yahanasu, zo ki ji wani sirri." Ba zan iya ci gaba da karanta mijina a wayar wata da sunan wata ba.

Na ƙirga, saura saƙo arba'in da uku. Ban san sau nawa na fito a ciki ba, ko ya ambaci 'yarmu Lubna, wadda har yanzu take tambaya yaushe Abba zai dawo daga asibiti. Ka buga mani su a takarda in ajiye mata. Ba zan nuna wa kowa ba. In hakan ba zai yiwu ba, ka mayar da ni jerin. Maganar sanarwar rasuwa na bar ta.

Allah ya ƙara arziki, ya raya zuri'a.

Ƙanwarka,
Rabi'atu

Dutsin-Ma, 3 ga Nuwamba, 2025

Rabi'atu,

Wa alaikumus salam. Babu komai, ya wuce.

Saƙonnin da ba su fita ba dukiyar kamfani ce, ba a ba kowa kafin ranarsu. Mayar da ke da hannuna kuma ba zai yiwu ba. Wanda ya ce a cire shi ba a sake sa shi sai ya nema da kansa. Dokar Mas'ud ce, ke kika tuna mani da ita.

Ki shiga shafinmu ki cike fom kamar kowa. Suna, adireshin imel, mace ko namiji. Akwai ɗan akwati a ƙasa inda za ki yarda mu riƙa ganin lokacin da kika buɗe saƙo. Ba a wucewa sai an danna shi.

Ki shafa mani kan Lubna.

Atiku

Daga: Mas'ud, Kamfanin Tallan Karaduwa
Ranar: 3 ga Nuwamba, 2025
Kan saƙo: Barka da zuwa, Rabi'atu

Assalamu alaikum Rabi'atu,

Na gode da kika shigo cikinmu. Sunana Mas'ud, daga Dutsin-Ma nake rubuto maki. Ba mu san juna ba tukuna, amma ina fata za mu saba.

Sai Juma'a, idan Allah ya kai mu.

Naki,
Mas'ud