Keji Na Huɗu

Litinin, 5 ga Agusta
Ruwan sama ya ɗauke bayan kwana tara, kogi ya kwaso ƙasar gonaki ya zuba a teku. Yanzu sai rana, ko iska babu. Kaka ta tsoma hannu a gefen kejin kifinmu, ta ce sama ɗumi, ƙasa sanyi, ruwan ya ƙi gauraya. Jan ruwan nan mai kashe kifi na tafe.
Baffa Bong-gil ya ce, "Inna, hannunki ya fi na'urar hukuma ke nan?"
"Nawa dai ba ya cin batir."

Laraba, 7 ga Agusta
Ya iso. Teku kamar romon wake. A makaranta an ce ƙananan tsirrai ne, zafi da kwantaccen ruwa suke so, su ke toshe wa kifi numfashi. Baba ya ce kada a ƙara ba kifi abinci. Ban tambayi dalili ba. Ba na iya tambayarsa abu.

Asabar, 10 ga Agusta
Kifin keji na huɗu ni nake ciyar da su tun suna kamar yatsa. Yau suka biyo inuwata baki buɗe. Su Baba sun fita da jirgi watsa jar laka don ta nutsar da tsirran. Na zuba wa kifin abinci kwano biyu.

Lahadi, 11 ga Agusta
Na huɗu kaɗai. Duk sun mutu, ciki sama.
Kaka ta tsaga ɗaya, ta ga abinci, ta dube ni, ta jefa shi bokiti.

Talata, 13 ga Agusta
Baba ya ce Baffa ne ya kafa kejin a lungun da ruwa ba ya gudu. Baffa ya ce, "Yaya, har da rana ma ni na kunna?" Ya daina zuwa cin abinci. Kaka tana ajiye masa shinkafa, tana hucewa.

Juma'a, 16 ga Agusta
Iska daga kudu, kwana biyu. Teku ta koma shuɗiya.

Lahadi, 18 ga Agusta
Na faɗa wa Baba ni na ba su abinci, yana ɗinkin raga. Ya ce kifi in ya ƙoshi haki yake yi, a jan ruwa kuma yunwa ce ke raya shi. "Me ya hana ki tambaya, Seon-ok?"
Ya ajiye ragar ya nufi gidan Baffa.

Litinin, 19 ga Agusta
Da safe na tsoma hannu a ruwa. Sanyi har sama. Na tambayi Kaka abu uku. Ba wani abu ba ne, hira ce kawai.