Ba zan ba Afaf haƙuri ba

Baban Rawan,

Na fita aiki kana barci. Na ji yayarka Afaf ta kira ka ta ce na kunyata ta jiya a wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara. To ga yadda aka yi.

E, na shiga da gugguru na gida da burodi da wake a jakata. Mai gadin ƙofa ya buɗe jakar ya ce, "Madam, an hana shiga da abinci." Na ce, "Malam, ka ga yadda suke sayar da na ciki? Kofin gugguru ɗaya cefanenmu ne na kwana biyu." Ya dubi yaranmu, ya rufe jakar da kansa, ya ce mu wuce. Afaf ta koma gefe kamar ba tare muka zo ba. Amma da aka yi hutu, burodi biyu ta ci.

Sandunan nan masu walƙiya ma a kasuwar Ataba na saya tun ranar Talata. Da aka kashe fitilu, Rawan da Tamir suka ɗaga nasu kamar kowa, suna ihu har muryarsu ta dushe.

Wai sai na ba Afaf haƙuri kafin ta zo cin abincin Juma'a. Ba zan bayar ba, kai ma kada ka bayar a madadina. In ta zo, kujerarta tana nan. In ba ta zo ba, yara su raba namanta.

Nahla